Kulle Daji Ko Ci Da Awo: Tsohuwar Gardamar Amurka Ta Iso Dajin Kogo

 Ga bayani a kan wata mas'ala wadda ta shafi gonar kowa da garken kowa, watau mas'alar gandun daji.

A watan Disamba na 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwa ta yarda a mai da dazuzzuka 10 su zama gandun ƙasa, irin wanda a ke hana noma da kiwo da farauta a cikinsa. Cikinsu har da dajin Kogo, wanda ke yamma da Funtua, a nahiyar Faskari. A cikin wannan wata kuwa ɓarayin daji suka shiga makarantar sakandare ta Ƙanƙara da dare, suka kora yara fiye da 300 zuwa dajin Rugu, sai bayan kwana 6 aka samo su. Labaran nan biyu sun zo tare, tambayar da ke cikinsu kuma ɗaya ce: daji na wa ne, wa ke da izinin shiga, wa kuma zai tsare shi? Mutanen Amurka sun yi gardama a kan wannan tambaya shekara fiye da 100 da suka wuce, reshen gardamarsu kuwa ya iso ƙasar nan tun zamanin En'e. Wanda ya san mafarin magana shi ya fi gane inda ta dosa.

Fasali na ɗaya: malamai biyu, hanya biyu

Ka sani, ya kai mai karatu, cikin ƙarni na 19 Turawan Amurka sun yi ta cin daji kamar ba zai ƙare ba. Kamfanonin katako su kan sare itacen dutse guda su bar kututture, masu tumaki su kora dubbai su cinye ciyawa har saiwa. Ɓaunar ƙasar, wadda ta ke miliyoyi, aka yi ta harbinta har ta koma 'yan ɗaruruwa. Da ɓarna ta kai haka sai masu hankali suka ce a tsaya. A 1872 aka keɓe Yelosuton, shi ne gandun ƙasa na farko a Amurka, a 1891 kuma majalisa ta ba shugaban ƙasa ikon keɓe dazuzzuka. Amma sa'ad da aka zo ga me za a yi da dajin da aka keɓe, sai masu son tsaronsa suka rabu biyu, ko wane ɓangare da jagoransa.

Na farko Jon Miyur ne. An haife shi a Sikotlan a 1838, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Amurka yana yaro. Mutum ne mai yawon ƙafa cikin duwatsu, ya kan yi kwanaki a daji da ɗan gurasa da ganyen shayi kaɗai. A 1869 ya bi garken tumaki cikin duwatsun Kalifoniya, ya ga da idonsa yadda su ke mai da fadama mai furanni faƙo, har ya kamanta su da fara. Ra'ayinsa shi ne daji yana da daraja tasa ta kansa, ko da bai ba mutum anini ba, domin aikin Mahalicci ne. Saboda haka wajibi ne a bar waɗansu wurare yadda aka halicce su, ba gatari, ba garke, ba garma, mutum ya shiga ya duba ya fito. Alƙalaminsa ya taimaka aka mai da Yosemiti gandun ƙasa a 1890, a 1892 kuma ya kafa ƙungiyar Siyera domin kare irin waɗannan wurare.

Na biyu Gifod Pinsho ne, ɗan masu dukiya, haihuwar 1865. Ya tafi Turai ya koyi ilmin daji a makarantar Nansi ta Faransa. A wurinsa daji gona ce mai jinkirin nuna. Kamar yadda manomi ba ya cinye iri, haka ba a sarar itace fiye da abin da daji zai mayar. A ƙidaya itatuwa, a yanka daji kashi kashi, a sari wannan a bar wancan ya huta, a ba makiyayi takardar izini da adadin dabbobin da zai shigar, ya biya kuɗi. Abin da ya ƙi shi ne almubazzaranci, da kuma 'yan kamfani kaɗan su cinye rabon jama'a. Amma barin itace ya tsufa ya ruɓe ba wanda ya amfana, wannan ma hasara ce a ganinsa. A 1905, zamanin Shugaba Tiyodo Rusbel, ya zama shugaban farko na ma'aikatar daji ta Amurka.

Da farko abokai ne, har sun yi rangadin dazuzzuka tare a 1896. Tumaki suka fara raba su, gama Pinsho ya yarda a bar su kiwo cikin dajin da aka keɓe bisa ƙa'ida, Miyur kuwa ya ga wannan cin amana ne. Ruwa ya ƙarasa rabuwar. Birnin San Faransisko yana neman ruwan sha, girgizar ƙasa da gobarar 1906 suka ƙara masa hujja. Hukumar birnin ta ce wurin da ya fi dacewa a datse kogi shi ne wani kwari mai suna Hec-Heci, ga shi kuwa yana cikin gandun Yosemiti. Pinsho ya ce shayar da mutanen birni guda ya fi kallon da matafiya kaɗan ke yi. Miyur ya ce akwai waɗansu wuraren da za a samo ruwan, kuma idan aka halatta nutsar da wannan kwari ba sauran gandun da ya tsira, domin ko wane gari zai zo da tasa larurar. Aka yi shekaru ana fafatawa a jaridu da majalisa, har a watan Disamba na 1913 Shugaba Wilsin ya sa hannu a dokar datse kogin. Miyur ya rasu a 1914. An gama madatsar a 1923, mutanen birnin suna shan ruwanta har wa yau. Amma kukan da aka yi bai tafi banza ba, don a 1916 an kafa ma'aikata ta dabam mai tsaron gandun ƙasa. Tun daga nan Amurka ta ke da ofis biyu, ɗaya na ci da awo, ɗaya na kullewa.

Sai dai akwai mutane na uku waɗanda ba a kira su zaman ba, su ne 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar. Mutanen kwarin Yosemiti an kore su da bindiga a 1851, na Yelosuton kuma aka kwashe su zuwa waɗansu wurare. Filayen da Miyur ya ɗauka hannun mutum bai taɓa su ba, mutanen nan ne suka daɗe suna gyara su da ƙunar daji a kan kari. Da aka hana ƙunar sai ƙananan itatuwa suka yi ta cinye filayen. Malaman nan biyu sun saɓa a kan amfanin daji, amma sun haɗu a kan cewa hukuma ce da masananta za su yanke, ba wanda ke kwana a bakin dajin ba. Wannan shi ne abin lura, gama irinsa ya faru a nan.

Fasali na biyu: abin da ke ƙasar nan kafin Turawa

Keɓe ƙasa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A cikin Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda a ke karantawa a zaurukan malamai, akwai babi a kan matacciyar ƙasa, watau wadda ba mai ita. An kawo hanyoyi huɗu da ta ke keɓanta da su: raya ta da gini ko rijiya ko shuka ko sassabe, sai hurumi, sai yankan da shugaba ya ba wani, sai keɓewar da shugaba ya yi domin maslahar jama'a, wadda Larabawa ke kira hima. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya wallafa littafi a kan wannan mas'ala, sunansa Ta'alimur Radi.

Hurumin gari shi ne wurin itacen wuta da makiyayar da mutum zai je da safe ya komo a yininsa. Na dukan mutanen garin ne, ba mai ikon ya shinge shi ya ce nasa. Keɓewar shugaba kuwa malaman Malikiyya sun gindaya mata sharuɗɗa uku: ya zama jama'a suna bukatarta, ya zama kaɗan ce ba ta ƙuntata wa mutane ba, ya zama kuma ƙasar ba ta da gini ko shukar wani. Sayyidina Umaru ya keɓe makiyaya domin dabbobin baitulmali, ya ɗora wani bawansa mai suna Hunayyu a kanta. Ya umurce shi ya sassauta wa mutane, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tare garkunan manyan attajirai, domin attajiri yana da gonar da zai koma in dabbobinsa sun mutu, talaka kuwa ƙofar shugaba zai zo da 'ya'yansa.

A aikace ma haka al'ada ta tafi. Mai sassabe ya kan bar ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka a tsaye, domin kalwa da man kaɗe da miya suna da mai su, har a kan sayar da gona itacen ya zauna hannun wani. Tsakanin gonaki a kan bar burtali domin shanu su wuce zuwa mashaya. Bayan girbi Fulani su sauka a gona, shanu su ci karmami su bar taki. Lalle ne kuma a faɗi gaskiya, abin ya yi sauƙi ne domin mutane kaɗan ne ƙasa kuwa da yawa, kuma hare-haren Maraɗawa cikin ƙarni na 19 sun sa manyan dazuzzukan yammacin Katsina sun zauna ba mazauna.

Fasali na uku: salsalar malaman daji

Almajiri ya san ilmi yana da salsala. Ilmin daji ma haka. Akwai wani Bajamushe mai suna Barandis, wanda ya fara aikin daji a ƙasar Bama a 1856, a 1864 ya zama shugaban ma'aikatar daji ta Indiya duka. Wurinsa Pinsho ya je neman shawara sa'ad da ya sauka Turai, ya riƙe shi malaminsa. Daga wannan ma'aikata ta Indiya da Bama kuma aka ɗauko Tomsin a 1903, ya zo ya shugabanci aikin daji a Nijeriya. Ashe malamin dajin da ke tare mai gatari a ƙasar Katsina, da ma'aikacin dajin Amurka, tushen karatunsu ɗaya.

A 1910 Turawa suka yi dokar da ta sa ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna. A 1916, zamanin Gwamna Lugga, aka yi dokar daji, a 1937 aka sabunta ta. Burinsu shi ne a keɓe rubu'in ƙasar, amma abin da aka samu a Nijeriya bai wuce kimanin kashi 10 cikin 100 ba. A Arewa En'e ce ke riƙe da yawancin gandayen. A kan sari iyaka, a rubuta 'yan haƙƙoƙin da aka bar wa maƙwabta, kamar tsintar itace da 'ya'yan itace da bin hanya, sa'an nan a hana noma. Waɗansu itatuwa ko a gonarka su ke ba ka sara sai da takarda. Daga nan talaka ya fara ce wa daji na gwamnati, ya kuma fara duban malamin daji da idon tara.

Tsoron hamada ya ƙara wa dokar ƙarfi. Wani shaihin malamin daji mai suna Istebin, shi ma tsohon ma'aikacin Indiya, ya zaga ƙasashen nan a 1934, ya koma Ingila ya ba da lacca a 1935 cewa Sahara tana tahowa kudu, manoma da makiyaya ne ke buɗe mata ƙofa, a yi mata katangar daji. Ingila da Faransa suka naɗa kwamiti, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar daga ƙarshen 1936 zuwa 1937. Kwamitin ya ce bai ga rairayi yana tahowa ba, abin da ya gani ɓarnar wuri wuri ce daga yadda a ke aiki da ƙasa. Duk da haka maganar Istebin ce ta fi zama a zukata.

Hanyar Miyur ta shigo ta ƙofar namun daji. An keɓe Yankari a 1956. Dajin Kamuku na Birnin Gwari, maƙwabcin kudancin Katsina, ya fara da gandun En'e a 1936, a 1999 ya zama gandun ƙasa. Hanyar Pinsho kuwa ta fito fili a kiwo. Cikin shekarun 1960 aka gyara dajin Ruma da Kukar Jangarai domin makiyaya da taimakon masanan Amurka, aka haƙa tafkuna, aka tsara kiwo kashi kashi, a 1965 kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar makiyaya. An lissafa makiyayu kimanin 415 a Nijeriya, amma kimanin sulusinsu kaɗai aka tabbatar a doka.

Fasali na huɗu: garma da daji

Sa'ad da ofishin daji ke cewa a bar itace, ofishin gona yana cewa a ƙara noma. Jirgin ƙasa ya iso Funtua cikin shekarun 1920, aka kafa injin gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, aka buɗe gonar iri a Daudawa. Audugar ma da aka raba, mai suna Alan, asalinta 'yar Amurka ce. Aka kawo garmar shanu, ita kuwa ba ta shiri da kututture, sai an tuge. A 1975 aka buɗe aikin raya noma na Funtua da rancen Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gwambe. Takin zamani da sabon irin masara da hanyoyin ƙauye suka mai da yankin rumbun hatsi. Wannan alheri ne wanda ba mai musunsa. Amma a ƙidayar 1952 mutanen lardin Katsina kimanin miliyan ɗaya da rabi ne, a ta 2006 kuwa sun kai miliyan 5 da dubu 800, ƙasa kuma ba ta ƙaru da taƙi ɗaya ba.

To, ina za a sami sabuwar gona? Sai a hurumi, sai a burtali, sai a gefen gandu. Da aka rushe tsarin En'e, tsaron iyakoki ya raunana, masu hannu da shuni suka sami manyan yankuna da takarda, masu gawayi suka bi kirya da marke. Makiyayi ya tarar hanyar mashaya ta zama gonar masara, shanu suka shiga shuka, aka tafi gaban alƙali, ƙiyayya ta yi saiwa. Ba a ce dokar daji ce ta haifi ɓarayi ba. Sababansu da yawa: satar shanu, da zalunci a wajen shari'a, da yawaitar bindigogi, da talauci. Amma dajin da aka hana maƙwabtansa shiga, ba a kuwa sa masu tsaro isassu ba, ya zama kango, kango kuwa ba ya rasa mai shiga. Tun daga wajen 2011 dazuzzukan Rugu da Kuyambana da Kamuku suka zama maɓoya, mutanen Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara suka sha barin gonakinsu na nesa ba shuka.

Ga abin mamaki kuma. Matafiyi daga Funtua zuwa Malumfashi zai ga ɗorawa da mangwaro da tsamiya tsaye cikin gonaki, ba mai gadinsu, alhali gandun da ke da doka da iyaka ya sha gatari. Itacen da ke da mai shi ya rayu.

Fasali na biyar: darasin Maraɗi da maganar Kogo

Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada wannan a fili. Dokar daji ta Faransa ta 1935 ta ba hukuma iko a kan itatuwa, manomi ya ga tsiron da ya fito a gonarsa masifa ce, gara ya sare shi tun malamin daji bai gani ba. Bayan farin shekarun 1970 aka kashe kuɗi mai yawa a dashe, yawancinsa ya mutu. Daga 1983 wani mutumin Ostireliya mai suna Toni Rinaudo, tare da manoman ƙasar Maraɗi, suka koma ga kututturen da ke gona. Saiwarsa tana da rai, sai a zaɓi tsiro kaɗan masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran. Suka kira abin sassabin zamani. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai aikin ya bazu daga gona zuwa gona, dokar daji ta 2004 kuma ta ƙarfafa haƙƙinsa. Masana sun ƙiyasta kadada miliyan 5 ta farfaɗo a kudancin Nijar, da itace kimanin miliyan 200, gawo da kalgo da aduwa da sauransu, a ƙasar da ba ta samun ko kusa da ruwan saman Funtua.

Saboda haka idan za a tsare dajin Kogo, ko wane malami a ba shi gaskiyarsa. Miyur ya yi gaskiya cewa akwai wurin da ya kamata a kulle, gama mafarin rafuka da mafakar namun daji in sun tafi ba kuɗin da zai komo da su, kuma larura ba ta ƙarewa. Pinsho ya yi gaskiya cewa mai yunwa ba ya tsaron abin da ba ya ci, sai dai a auna masa. Abin da su biyu suka bari shi ne abin da littattafan zaure suka riga suka faɗa: keɓewa ta zama kaɗan, kada ta ƙuntata, kada ta hau kan shukar wani, kuma mai ƙaramin garke shi ne farkon shiga.

Ma'anar wannan a aikace ita ce a bi iyakar dajin da ƙafa tare da hakimai da dagatai da arɗaɗɗa, kowa ya ga inda ta tsaya. A kulle tsakiya, a bar kewaye domin kiwo da itacen wuta da zuma da magani bisa awo, a rubuta haƙƙin ko wane ƙauye a karanta shi a bainar jama'a. A buɗe burtalin da aka toshe, a fara da wanda babba ya toshe. A ɗauki masu tsaro daga 'ya'yan ƙauyukan da mafarautansu, a biya su a kan kari. Itacen da ke gona kuwa a bar wa mai gona, ya sara ya sayar, domin ya ji daɗin renon wani. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai yiwu sai an sami zaman lafiya, amma zaman lafiyar ma ba zai daɗe ba idan mutanen bakin daji suna ganin dajin na wani ne.

Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya ba manomi da makiyayi haƙurin zama da juna, ya ba mu damina mai albarka. Tamat.